Allurar Orijina a Hannun Kwafi

Tun ranar da aka haife su ake ruɗewa. Ungozomar da ta karɓe su ta ɗaura wa ta farko zare a ƙafa, zaren ya kwance a wankan farko, daga nan kowa ya ci gaba da rantsuwa a kan abin da bai sani ba. Uwarsu ce ta raba gardama, ta ce mai ihun ita ta fara fitowa. Shi ke nan mai ihu ta zama babba, mai shiru ta zama ƙarama. Wani malamin lissafi a firamare, wanda Allah ya ba shi baki ya hana shi tausayi, shi ya raɗa musu sunan da ya bi su har furfura: babbar Orijina, ƙaramar Kwafi.

Labarin Kwafi ne wannan, ko da yake ba a taɓa fara zancenta ba ɗayar ba ta kutso kai ba.

Kwafi tela ce. Shagonta yana ƙarƙashin wani bene a layin bayan tasha, tsakanin mai gyaran waya da mai yanka makulli. Kekunan ɗinki biyu gare ta, na ƙafa da na lantarki, na lantarkin sai ya ga dama yake aiki. Ba ta ɗinkin kwalliya, yunifom ɗin 'yan makaranta take yi, riga iri ɗaya, aljihu iri ɗaya, maɓalli iri ɗaya, shekara da shekaru. Tef ɗin awo ba ya barin wuyanta, har ana cewa da shi take wanka. Yatsunta sun sha allura har sun daina kai ƙara. Orijina kuwa shugabar makarantar firamare ce, mace mai murya kamar ta motar da birkinta ya tsinke. In ta yi gyaran murya a baranda, har malamai sai sun duba ko rigarsu ta zauna daidai. Ba ta tsoron kare, ba ta tsoron jami'i, ba ta tsoron surukai. Abu ɗaya take tsoro, shi ne allura.

Tun suna ƙanana suka raba aiki. Magana ta Orijina ce, zafi na Kwafi. Ranar da masu rigakafi suka zo makaranta, Orijina ta laɓe bayan banɗaki, Kwafi ta shiga layi ta karɓi tata, ta zagaya ta sake shiga ta karɓi ta 'yar'uwarta. Har yau tabo biyu ne a damtsenta na hagu, ɗaya bisa ɗaya, damtsen Orijina kuwa sumul kamar na jariri. Ita ma Orijina ba ta ci bulus ba. Da wani direban bas ya fara zuwa wajen Kwafi, bakinta ya ƙi buɗuwa, sai Orijina ta riƙa fita ta zauna da shi tana zuba kamar famfo. Bawan Allah ya auri Kwafi yana ɗaura ɗamarar haƙuri da surutu, ya ƙare rayuwarsa yana gode wa Allah da aure ya nutsar masa da mata. Da mai benen ya so ya tashi Kwafi daga shago, Orijina ce ta rataya tef a wuya ta hau sama wajensa. Da ta sauko, shi ya riƙe mata ƙofa.

Haka suka tsufa. Mazan suka riga su gidan gaskiya. Kwafi ba ta haihu ba, Orijina ta haifi mace ɗaya, wadda ake kira Lauya tun tana rarrafe saboda gardama, kuma don ta nuna ba ta son a yi ƙarya a kanta, ta girma ta zama lauyar. Su biyu suka raine ta. Tana kiran Orijina Umma, tana kiran Kwafi Inna, kuma ita kaɗai ce duk duniya ba ta taɓa ruɗewa ba, ko daga baya ta hango su.

Sai ciwon daji ya kama Orijina a hanji. Kada ku tambayi irin dambarwar da aka sha kafin a sa mata allurar barci, ma'aikatan asibitin sun ce sun fi son su sake yin jarrabawa. Aka yanke, aka ɗinke. Kwafi ta ɗaga rigar ta duba ɗinkin, ta ce ba laifi, amma da ita ce da ta fi matse shi. Orijina ta farfaɗo, kalmarta ta farko ita ce ta rantse ƙarfe ba zai sake huda fatarta ba.

A asibitin akwai wata likita, matashiya mai tabarau, da ke gudanar da wani bincike. Ta zaunar da Orijina da Lauya ta yi musu bayani a tsanake. Ta ce kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da rubutun da ya gada daga iyayensa. Amma a kan rubutun akwai wasu 'yan alamomi da ke hawa suna sauka tsawon rayuwa, su ne ke cewa a karanta wannan layi, a rufe wancan. Irin ciwon da aka cire wa Orijina, ta ce, ya bi layukan da ke tsawata wa ƙwayoyi su daina hayayyafa ya liƙe su da alamominsa. In ya fara dawowa, ɓurɓushinsa kan zuba cikin jini ɗauke da waɗannan alamomi, tun kafin hoton ciki na asibiti ya iya ganinsa. Abin da suke so kawai, duk bayan 'yan watanni Orijina ta zo a ɗebi jini kaɗan a duba. Lauya ta yi tambayoyi har likitar ta sha ruwa, sannan ta ce Umma ta yarda. Umma kuwa cikin duk wannan karatu kalma biyu ta ji: ɗibar jini.

Kwafi ba ta wajen. Tana shago tana sa maɓalli.

Ranar zuwan farko, da hantsi, sai ga Orijina ta shigo shagon, ta ture tarin yadi ta zauna, ta ajiye katin asibiti da tabaranta a kan keken.

"Tashi ki je."

"In je ina, Yaya?"

"Makarantar allo. Asibiti mana. Cokali biyu na jini za su ɗiba, ke da kike zubar da fiye da haka a kan rigar 'ya'yan mutane."

"Ai ni ba ni da ciwo."

"Ni ma an cire. Kin ga mun yi daidai. Uwa ɗaya, ciki ɗaya, rana ɗaya, jinina da naki wa zai raba?"

"In suka gane fa?"

"Mijinki ya yi shekaru bai gane ba, sai wata yarinya mai farar riga?"

Kwafi ta yi dariya, kuma wannan dariyar ita ta fi ci mata rai daga baya. Ta cire tef daga wuyanta, ta ɗora tabarau, ta tafi.

Mai ɗibar jinin wata 'yar fara'a ce. Ta dube ta ta tafa hannu. "Kai, Mama, kin murmure! An ce mana ke sai mutum huɗu sun riƙe ki." Kwafi ta miƙa hannu. "Dubi jijiya kamar igiyar shanya, ko da ido rufe zan same ta." A ɗakin gwaji akwai na'ura mai tabbatar da cewa jinin da aka kawo na mai ciwon ne, tana gwada rubutun cikinsa da na naman da aka yanke. Na'urar ta duba ta ce lafiya lau, mutum ɗaya ne. Ita ma ba ta fi direban bas ɗin wayo ba.

Sakamako ya fito fes. Na biyu ma fes. Likita ta ji daɗi, ta ce tunda jini na ta kyau, a tsawaita tsakanin hoto da hoto, a bar baiwar Allah ta huta. Lauya ta rungume uwarta tana kuka, ta juyo ta rungume Kwafi. "Inna, kin ji? Babu ko ɗigo!" Kwafi ta ce ta ji.

Akwai abin da Kwafi ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ni zan faɗa mata shi. Tana son zuwa. Ɗakin jiran yana da sanyi, kujerun masu laushi, bayan an ɗebi jini a kawo shayi da biskit a ƙaramin faranti. A tambaye ta yaya barci, yaya cin abinci, yaya ƙafa, a tsaya kuma a saurari amsa. Duk rayuwarta wanda ya gaishe ta, kafin ta amsa ya ce ina ɗayar. A wannan ɗaki kaɗai ake kallon fuskarta ba a leƙa bayanta. Da sunan wata ne, amma biskit ɗin a bakinta yake narkewa. Har sabon mayafi ta saya na zuwa asibiti.

Ita ce kuma ta fara sani, don tef ba ya ƙarya. Orijina ta kawo siket a rage mata ƙugu. Kwafi ta rage. Ba a jima ba ta kawo wani. Da ta kawo na farkon a sake ragewa, Kwafi ta zagaya tef a ƙugunta, ta dubi lambar, ta sake zagayawa.

"Yaya, wannan karon ki je da kanki."

"Zafi ne ya hana ni cin abinci. Ke dai ɗinka."

"Ko sau ɗaya ne."

"Kwafi, yaushe kika zama likita? Jiya-jiya aka ce jini na kyau."

"Jinin wa?"

Orijina ta dube ta ta saman tabarau, irin kallon da ke sa yaro ya tofar da cingam. Kwafi ta sunkuyar da kai ta zura zare. Da ranar ta zagayo, ta sa sabon mayafinta ta tafi, ta sha shayi.

Wata safiya Orijina ta yanke jiki ta faɗi a gaban 'yan makaranta suna layi. Hoto ya nuna ciwon ya dawo, ya kuma taɓa hanta.

Likitar ta kira Lauya ofishinta. Fuskarta ta faɗa kamar ita ce ke kwance. Ta ce ba ta gane ba, jinin watan jiya ma fes yake. Abin da hakan ke nufi, ta ce, wannan da ya dawo ba ya ɗauke da alamomin, gwajinta ya makance a kansa. Sannan ta faɗi wadda ta fi nauyi. Akwai sabon magani da suke gwadawa, mai ƙoƙarin ɓamɓare alamomin don layukan da aka rufe su sake buɗewa, amma sai ga waɗanda aka ga alamar a jininsu. Orijina ba ta cikinsu. Za a bi da ita ta tsohuwar hanya, kuma likitar ba ta ɓoye ba, tsohuwar hanyar ba ta cika yin nisa da irin wannan ba.

Lauya ta miƙe tsaye. Abin da ta faɗa wa likitar ba zan maimaita ba, amma kotu ta fito a ciki, jarida ma ta fito. Likitar ba ta kare kanta ba. Ta ce, "Ni na tsawaita hoton. Na yarda da gwajina fiye da kima." Kwafi tana waje a kujerar da ke bayan ƙofa, inda likitar ba ta ganinta, amma komai a kunnenta.

Da yamma ta shiga ɗakin da aka kwantar da Orijina. Muryar ta ragu, amma mulkin yana nan.

"Na ga idonki. Kada ki kuskura."

"Yaya, za su hana ki maganin."

"Maganin da ba su ma san ko yana aiki ba? Ki bar ni in tafi da mutuncina. Kina so yarinyar nan ta ji uwarta, shugabar makaranta, ta gudu daga allura kamar 'yar aji ɗaya?" Ta yi tari. "Ke kuma ba za ta sake kallonki ba. Ita kaɗai gare ki, Kwafi. Ni na aike ki, ni zan ɗauka. Rufe bakinki, ai kin iya."

Ta iya kuwa. Ta koma shago washegari ta zauna a gaban keke ba ta taka ba. Wata mata ta kawo rigunan 'ya'yanta biyu a gyara. Kwafi ta san su, ita ta yanka su daga yadi ɗaya, rana ɗaya, a farkon zango. Ɗaya ta kode a kafaɗa inda jaka ke gurza, ɗaya aljihunta ya sha tawada, wuyanta ya yage. Kullum takan gaya wa iyaye cewa yadi ɗaya ba ya hana kowace riga ta ci nata wahalar. Ta faɗi wannan magana sau babu iyaka tana dariya, a cikin wannan shagon, inda aka ajiye mata kati a kan keke. Ta ce wa matar ta dawo jibi, ta ja ƙofa. Ta manta ba ta cire tef ba.

Ta tarar da Lauya a ofishin likita, ta zo karɓar takardun uwarta don ta kai wani asibitin. Kwafi ta tsaya a bakin ƙofa. Tunda take ba ta taɓa shiga ofis da bakinta ba, kullum na 'yar'uwarta take aro. Ana haka mai ɗibar jini ta shigo da wani faranti, ta gan ta, ta ce, "Mama! Wa ya ce ki tashi daga gado?"

"Innata ce," in ji Lauya a gajiye. "Tagwaye ne."

Likitar ta ɗago kai a hankali.

Kwafi ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa. Tabo biyu na yarinta a sama, a gwiwar hannu kuma 'yan ɗigo-ɗigon da ba su gama ɓacewa ba. Mai ɗibar jinin ta matso, ta ɗora yatsa a kan jijiyar kamar mai gaida tsohuwar ƙawa, ta ja hannunta da sauri.

"Ni ce," in ji Kwafi. "Tun na farko. Ba ta zo ko sau ɗaya ba. Jinina kuke ta aunawa. Gwajinki bai yi ƙarya ba, likita, ni ce ba ni da ciwon."

Likitar ta cire tabarau ta ajiye. Ta daɗe tana murza ido.

"Mun ɗauka jininmu ɗaya ne," in ji Kwafi.

"Rubutun ɗaya ne, Mama, shi ya sa na'urar ta amince. Alamomin kowa da nata. Kuma ciwon a cikinta yake, ta ina ɓurɓushinsa zai shigo jininki?"

Sai Kwafi ta yi tambayar da ta san bai kamata ta yi ba. "Da ita ce ta riƙa zuwa, da kun gani da wuri?"

Likitar ta so ta kauce, aka ga ta so. "Mai yiwuwa ne ƙwarai. Ba zan ce miki a'a ba."

Lauya ba ta yi ihu ba, ita da ke ihu a kan an taɓa mata biro. Ta dubi tef ɗin da ke wuyan Kwafi.

"Inna. Ke ce ke rage mata siket."

Ta ajiye takardun ta fita.

A ranar aka ɗebi jinin Orijina. Da ta ga Kwafi ta shigo bayan likita, hannun riga a naɗe, ta gane. Ta zage ta da sunayen da tun suna firamare ba ta yi amfani da su ba. Kwafi ta matso. Ta hau gefen gadon, ta kamo kan 'yar'uwarta ta kife shi a cikinta, ta rufe mata ido da tafin hannu.

"Munafuka," in ji Orijina daga cikin rigar. "An shiga?"

"Ba a shiga ba tukuna."

"Ƙarya kike, na ji."

"To an fita ma. Kin ga ba ki mutu ba."

"Saura kaɗan."

Alamar tana nan a jinin, ba ma sai an lalube ta ba. Likitar ta sha fama da manyanta, don sai da ta janye duk sakamakon baya ta tsaya ta yi bayanin yadda aka yi ta auna tela a madadin shugabar makaranta. An ce tun daga lokacin, duk wanda zai shiga binciken sai an tambaye shi ko shi tagwai ne. A ƙarshe aka sa Orijina cikin masu karɓar sabon maganin. Ta jijiya ake ba da shi, allura bayan allura, kuma babu wadda za a iya karɓar mata. Kwafi na zama kusa da ita ta rufe mata ido. Ko an yi latti ko ba a yi ba, likita ta ce sai a jira hoto na gaba.

Lauya tana gaishe da Kwafi, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar aiki. Kalmar Inna ce dai ba ta sake fitowa ba. Kwafi na sauraron fitowarta a kowace gaisuwa, kamar mai jiran a kira lambarta.

Likitar ta roƙe ta ta shiga binciken da kanta, ta ce mutum biyu masu rubutu ɗaya, ɗaya da ciwo ɗaya babu, za su koya musu abin da ba su sani ba. Aka buga mata kati da sunanta. Mai ɗibar jini na samun jijiyar da ido rufe, a kawo shayi da biskit, a tambaye ta yaya barci. Kwafi ta ce lafiya, ta ture farantin gefe. Mai ɗibar jinin ta ɗauka ciwon suga take tsoro.

Makon jiya Orijina ta aiko da siket ɗin nan a sake ragewa. Kwafi ta rage. Bisa al'adar aikinta, in ta gama takan bi rarar yadin da almakashi ta datse don ɗinki ya kwanta. Ta ɗauki almakashin ta ajiye. Ta ninke rarar a ciki ta bi ta da dogon ɗinki mai sauƙin warwarewa. Orijina ta sa, ta ce ƙugun yana cizon ta, tsufa ya fara lalata wa wasu aiki. Kwafi ta ce ta yi haƙuri ta sa shi haka.